Tayar Gaba

Gazara,
ƙarshen watan Yuli.

Zuwa ga Kawu Tukur, a Agege.

Assalamu alaikum. Kawu, ka yi mini afuwa da na ɗauki biro na rubuto maka alhali ba ka san ni ba, kuma ba wanda ya sa ni. Na daɗe ina juya abin a raina kafin in yi ƙarfin hali. Idan na wuce wurina, ka yafe mini.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali da aiki. Mu nan lafiya lau, sai ciwon gwiwar Inna da ke tashi duk lokacin da aka yi ruwa.

Ni ce Murja, 'yar Zulai ta Gazara, jikar goggonka ta Unguwar Ɗinya. Ina aji biyar a sakandare a Ikara, yanzu muna hutu. Inna ta ce rabonka da gida tun ina goye. Ta ce waya ba ta yi maka amfani tun da kunnuwanka suka daina ji, shi ya sa zan ba Saminu direba wannan takarda, tunda yana kai barkono can.

Ban sani ba ko labari ya iso maka. Allah ya yi wa Baba rasuwa da bazara, bayan gajeriyar jinya. Inna tana takaba, ta kusa fita.

Kafin ya kwanta, Baba ya je Kudan ya sayo babur a hannun wani tsohon malamin gona. Ba irin na 'yan acaɓa ba ne. Dogo ne, tayoyinsa masu haƙora, irin na shiga daji. Ya saye shi ne saboda Inna. Ka san hanyar Unguwar Ɗinya: da an wuce Nasarawan Doya sai fadama, da damina mota ba ta shiga, 'yan acaɓa ma ba sa yarda, Inna kuma ba ta iya doguwar tafiya. Baba ya ce bana ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya zai kai ta ta ga uwarta. Hawan da ya yi masa daga Kudan zuwa gida, shi ne na farko, shi ne na ƙarshe.

Da ya rasu, su Baffa suka tura babur ɗin cikin sito suka kulle, suka ce ba a taɓa kayan mamaci sai an raba gado. Da aka sayo takin zamani, nan aka jibge shi, buhu kan buhu, har wasu sun jingina da babur ɗin. Rufin kuma yana yoyo.

Yanzu an raba gado, babur ya faɗo hannun Yaya Shamsuddeen. Kaka kuma tana kwance tun farkon damina, ƙafafunta sun kumbura. Duk wanda ya fito daga can ranar kasuwar Maƙarfi, saƙonta ɗaya ne: yaushe Zulai za ta zo? Yaya ya ce ranar da Inna ta fita takaba, washegari zai ɗauke ta.

Ya kira Muhsin bakanike daga Maƙarfi. Muhsin ya zuba sabon baƙin mai, ya wanke kafireta, ya canza fulogi. Da aka buga ya tashi, maƙwabta suka taru, kowa yana cewa injin kamar sabo. Inna tana ɗaki ta ji ƙarar, ta yi ta kuka.

Abin da ya dame ni shi ne, ni na wanke babur ɗin. A tayar gaba, inda buhunan suka jingina, na tarar da wani farin abu kamar kanwa ya daskare a kan wayoyin nan na cikin wili. Da na kankare shi, ƙarƙashinsa duk tsatsa ce. Na nuna wa Yaya, ya ce, "Ke da ko keke ba ki iya ba? Je ki wanke kwanuka."

Wataƙila ba komai ba ne. Amma Inna kullum tana cewa a danginmu babu wanda ya san babur kamarka. Don Allah ka gaya mini, tsatsar nan tana da illa?

'Yarka,
Murja Uwaisu.

*

Agege,
watan Agusta.

Zuwa ga 'yata Murjanatu.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, iyali duk suna gaishe ku. Babu wani laifi da kika yi. Wanda ya yi shekaru bai leƙa gida ba, ba shi za a ba haƙuri ba.

Ban ji rasuwar Malam Uwaisu ba sai a takardarki. Allah ya jiƙansa, ya kyautata makwancinsa, ya ba ku haƙuri. Ki yi wa Zulai gaisuwa. Ki ce mata wasan da ke tsakaninmu na ajiye shi sai ta fita takaba, amma ban yafe mata ba.

Maganar Goggo ta tsaya mini a rai. A ɗakinta na tashi bayan uwata ta rasu. Allah ya ba ta lafiya.

Yanzu babur. Mutanenmu da kunne suke sayen babur: in ya tashi da bugu ɗaya, an gama magana. Ni da ba na ji, da hannu nake duba shi. Injin da ya lalace ajiye ka kawai zai yi a hanya, ka sauka ka tura. Tayar gaba ba haka take ba. In ta karye kana tafe, da fuska za ka sauka. Takin zamani kuma in ya jiƙe, cin ƙarfe yake yi fiye da gishiri.

Ki samu turmi ku ɗora cikin babur ɗin a kai, tayar gaba ta bar ƙasa. Ki kama ta da hannu biyu ki girgiza hagu da dama. In tana lilo, boris ɗin da take juyawa a kansa ya tafi. Ki juya ta ki tsaya daga gaba ki duba ko tana tafiya a miƙe ko tana rawa.

Sai ki ɗauki ƙaramar sifana ki bi wayoyin nan, mu sifok muke ce musu, ki riƙa ɗan bugun kowanne. Mai lafiya zai yi ƙara siririya kamar an taɓa kofin gilashi. Wanda ya mutu zai yi ƙara kamar an bugi itace. Wannan aikin na daina iya shi, ke za ki ji mini. Kowanne ya mutu ki ɗaura masa zare.

Ki duba wayar birki daga sama har ƙasa, musamman inda ta shiga cikin roba, nan ruwa yake kwana. Ki duba gefen tayoyi ko sun tsattsage. Sarƙa a jiƙa ta da kananzir a goge, a shafa mata mai. Tsohon fetur a zubar duka, ba a ƙara sabo a kansa ba.

Ki ce wa Shamsuddeen ba raina shi na yi ba. Amma in sifok sun mutu da yawa, kada kowa ya hau babur ɗin nan, balle ya ɗauki uwarku. Wilin gabansa ya fi na 'yan acaɓa girma, da wuya ku samu kayansa a nan. Ki sanar da ni abin da kika gani, ni zan nema.

Kawunki,
Tukur bakanike.

*

Gazara,
watan Agusta.

Zuwa ga Kawu Tukur.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na gode da amsarka, ban yi zaton za ka rubuto da tsawo haka ba. Muna lafiya. Inna ta fita takaba, ta amsa gaisuwarka, ta ce ita ma tana nan tana jiranka da nata wasan. Wannan ne murmushinta na farko da na gani tun rasuwar Baba.

Na karanta wa Yaya takardarka. Da farko ya ce mutumin da yake Ikko ba zai gane ciwon babur da ke Gazara ba. Amma shi ya ɗauko turmin da kansa.

Tayar ba ta lilo, sai dai tana ɗan rawa in an juya ta. Wayar birki kuwa, da Yaya ya zame robar, sai ga ta ta warware, silli kaɗan ne suka rage. Ya tafi Maƙarfi ya sayo sabuwa. Sarƙa da fetur ma mun yi yadda ka ce.

Sai sifok. Na sa aka kore kaji, na roƙi maƙwabciyarmu ta dakata da daka. Ɓangaren da bai taɓa buhu ba duk suna amsawa yadda ka faɗa. Da na zo ɗaya ɓangaren, kusan duk wanda na buga sai in ji shi a mace. Zaren da na yanko ya ƙare, na ƙaro. Yaya ya ce sassautawa kawai suka yi, ya kawo abin ɗaurewa. Na farkon da ya murɗa ya karye a hannunsa.

Muka cire tayar, Yaya ya kai wa Muhsin. Babu irin sifok ɗin a Maƙarfi, babu a Ikara. Waɗanda ya samo a Zariya gajeru ne. Muhsin ya ce zai iya canza wa masu ƙarfin wuri ya rarraba su, a lallaɓa a je a dawo. Yaya ya yarda.

Kawu, a nan ne na yi abin da ban taɓa yi ba. Sandar ƙarfen nan da ke ratsa tsakiyar taya ta riƙe ta, na ɗauke ta na ɓoye. Yaya ya nema ya rasa, ya zo ya tsaya a kaina.

"Ke ce?"

Na ce ni ce.

"To ke ce babba a gidan nan yanzu? Kaka tana can tana kiran Inna, ke kina nan kina kiɗa da sifana!"

Na ce Kawu ya ce kada a hau. Ya ɗaga hannu, sai kuma ya sauke, ya fita. Inna tana jin mu. Ta riga ta ɗaure kayanta, har da man zafi da ta saya wa Kaka. Ta ce, "Ba yayanku ƙarfensa." Na durƙusa na ce ta yi haƙuri, ba zan iya ba. Ta dube ni ta ce, "Tukur ne ya ce?" Na ce e. Ta ce, "To a jira Tukur." Ta mayar da ƙullin kayan bayan ƙofa, ba ta kwance shi ba.

Don Allah Kawu a hanzarta. Wanda ya zo kasuwa wannan makon ya ce Kaka ta daina cin tuwo, sai kunu.

'Yarka,
Murja.

*

Gazara,
ƙarshen watan Agusta.

Zuwa ga Kawu Tukur.

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu ma da sauƙi.

Kasuwa ta ci ta sake ci, ban ga Saminu ba, ban ga amsa ba. Wannan zan ba wani direban da ya ce ya san garejinku. Na yi ta tunani ko ranka ne ya ɓaci da na faɗa maka abin da Yaya ya ce game da mutumin Ikko. Ko kuma ɓoye ƙarfen da na yi ne ka ga rashin tarbiyya. Na sake karanta takardarka, ka ce kada a hau, ba ka ce in yi wa manya gardama ba. In na wuce abin da ka nufa, ka gaya mini, zan fito da shi.

Inna ta gaji da jira, ta ɗauki ɗan acaɓa. Sun wuce Nasarawan Doya, da suka isa bakin fadama babur ɗinsa ya nutse har injin. Ta sauka ta ce za ta taka. Ba ta yi nisa ba gwiwar ta riƙe, wasu masu shanu ne suka taimaka aka fito da ita. Ta dawo da laka har cinya, ƙafar ta kumbura. Ni na gasa mata da ruwan zafi.

Yaya ya je Unguwar Ɗinya da ƙafa ya dawo. Ya ce Kaka ta kama hannunsa tana ta shafawa, ta ɗauka Inna ce. Tun da ya dawo ba ya cin abincin da na dafa.

Baffa ya kira ni ya ce rai a hannun Allah yake, ba a hannun taya ba. Na san haka ne. Amma duk lokacin da na je zan ɗauko ƙarfen, sai in tuna yadda sifok ɗin nan ya karye ba tare da an yi masa wani ƙarfi ba, in ga Inna a bayan babur ɗin. Ita da Yaya kaɗai suka rage mini.

Kawu, ko layi ɗaya ne ka rubuto.

Murja.

*

Agege,
ƙarshen watan Agusta.

'Yata Murjanatu,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Takardarki mai labarin zare ta makara a hanya, motar Saminu ta lalace a wajen Jebba, suka yi kwanaki a can. Da ta iso hannuna na rufe shago na shiga nema.

Sifok ban samu masu kyau ba, sai na samo muku wili sukutum, na cire shi daga wani babur irin naku da injinsa ya mutu. Na sa yaran shago sun buga mini kowanne sifok, na sa sabon boris, na cika shi da giris. Taya da tub sababbi ne. Ku ɗaura kawai. Shamsuddeen ya fara zagaya gari shi kaɗai, ya taka birki sosai ya gani, sannan ya ɗauki uwarku. A fadama kada ya tsaya, kada kuma ya yi gudu.

Ƙarfen da kika ɓoye, na yi dariya har yaran suka zo suna leƙen takardar. Jinin Goggo ne a jikinki. Ita ma ta taɓa ɓoye mini takalma don kada in tafi kallon dambe.

Akwai ƙulli a ɗaure a jikin wilin. Zane ne da turare na Goggo. Zulai ta ba ta hannu da hannu, ta ce mata Tukur ɗinta yana tafe a lokacin kaka, in an fara yankan rake. Ta ce mata kada ta wahalar da kanta da magana, ba zan ji ba, hannunta kawai nake so in riƙe.

Kawunki,
Tukur.

*

Gazara,
watan Satumba.

Zuwa ga Kawu Tukur.

Assalamu alaikum. Kawu, ina gaishe ka, ina kuma yi maka gaisuwar rashi. Allah ya yi wa Kaka rasuwa. Ta cika ranar Juma'a da hantsi, aka yi jana'izarta bayan an sauko daga masallaci. Mu sai da yamma labari ya iso mana. Allah ya jiƙanta, ya ba ka haƙuri. Inna ce ta ce in rubuto, ta ce kai ma uwa ka rasa, bai kamata ka ji a bakin direba ba.

Saƙonka ya iso ranar kasuwar da ta biyo baya. Saminu da kansa ya kawo wilin har ƙofar gida, ya tarar da tabarmin zaman makoki a waje. Ya tsaya riƙe da shi, bai san inda zai ajiye ba.

Na ɗauko ƙarfen daga cikin buhun dawa na miƙa wa Yaya. Ya karɓa. Ya ɗaura tayar, ni na riƙe masa kan babur ɗin. Ya zagaya gari, ya taka birki kamar yadda ka ce. Washegari ya ɗauki Inna.

Ya ce babur ɗin ya ratsa fadama ko tangarɗa bai yi ba. Tafiyar da Inna ta kasa, kafin rana ta yi zafi sun isa. Ya ce da suka fito daga lakar Inna ta ce ya tsaya, ta sauka, ta juya tana kallon hanyar da suka biyo, ta daɗe a haka.

Ta zauna a ɗakin Kaka har aka yi addu'ar bakwai. Matan gidan sun gaya mata cewa a kwanakin ƙarshe Kaka ta sa an juya mata gado ya fuskanci ƙofa. Zanenka da turaren Inna ta ba ƙanwar Kaka, wadda ta yi jinyarta. Ta faɗa mata saƙonka duka, har da maganar hannu.

Tsohon wilin yana wurin Muhsin. Ya warware shi don ya ɗauki abin da zai yi amfani. Yaya ya ce wasu sifok ɗin da yatsa aka karya su, wasu kuma sai da aka sa fulaya. Da na bi ta shagon na tambayi Muhsin ko wilin zai kai su lafiya da an hau da shi. Ya ce, "Wallahi 'yan mata, zai iya kaiwa, zai iya ƙin kaiwa." Kawu, kai ka fi shi sani, amma don Allah kada ka ba ni amsar wannan. Kowacce ka faɗa ban san yadda zan yi da ita ba.

Yaya ya fara cin abincina. Jiya ma ya ce in zo in ji masa tayar baya.

Inna ce dai. Da ta dawo na karɓi kayanta, na kawo mata ruwa, na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta ɗora hannu a kaina, fuskarta tana kallon bango. Ta ce, "Ba ki yi laifi ba, Murja. Da ni ce ke, abin da zan yi ke nan. Amma ki ɗan ba ni lokaci kafin in iya kallonki."

Ina ba ta. Ina shafa mata magani a gwiwa kullum, tana yi mini addu'a, idonta a wani wuri. Mako mai zuwa zan koma makaranta, wataƙila hakan zai fi mata sauƙi.

Kawu, maganar babur ta ƙare, na san ba ni da sauran dalilin damunka. Amma a nan babu wanda zan iya faɗa wa waɗannan abubuwa. Idan ba zai yi maka nauyi ba, ka ba ni izini in riƙa rubuto maka daga Ikara, ko da ba kowacce za ka amsa ba.

'Yarka,
Murja.